Kwalba a cikin akwati: zuma, manja, turare da lemo daga Legas zuwa inda za ka

Duk wanda ya taɓa tsayawa jiran kaya a filin jirgin Murtala Muhammed ya san akwatin nan da ke fitowa da jan tabo a gindi, ko wanda ƙamshin humra ke riga shi isowa. Mai shi yakan ɗaga yana salati, ya ce iskar sama ce ta fasa masa kwalba. Galibi ba ita ba ce. A ƙasa kwalba ke fashewa, tsakanin wurin awo da cikin jirgi, a kan bel da hannun masu lodi. Abin da sama ke yi kawai shi ne ta tona asirin murfin da bai kama ba. Cuta biyu ce, maganinsu ma daban.

Mu fara da saman, don nan ne aka fi tsorata mutane a banza. Jirgi yana tafiya a tsayin mita 10,000 zuwa 12,000, inda sanyin waje ke kai digiri 50 ƙasa da sifili. To amma ɗakin kaya da ke ƙarƙashin ƙafar fasinjoji ba a waje yake ba. Matsin iskar da ke wurin fasinjoji shi ne a ɗakin kayan, shi ya sa ake saka kare da kyanwa a can su sauka da ransu. Ana riƙe matsin cikin jirgi daidai da na tudu mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400. Legas kuwa a bakin teku take. Kamar a ɗauki akwatinka ne daga Agege, cikin minti ashirin a dire shi a kan Chappal Waddi da ke Taraba, dutsen da ya fi kowane tsayi a Nijeriya, mai mita 2,419. A wannan tsayi matsin iska ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, don haka iskar da ta cika cokali uku a Ikeja tana neman wurin cokali huɗu.

Ruwa, mai da zuma ba ruwansu da wannan. Iskar da ta maƙale a saman gora ita ce ke kumbura. In gorar na tsaye kuma murfi na da 'yar kafa, iskar ta fice abinta, babu asara. Sai dai akwati ba ya tsayawa yadda ka ajiye shi. A kwance ake loda shi, wani lokaci a kife. Mai ya koma bakin murfi, iska ta koma gindi tana tura shi, sai ya bi zaren murfin yana tsatsafowa har a sauka. Shi ya sa gorar roba mai laushi ake matse ta har abin ciki ya zo baki kafin a rufe. Kwalbar gilashi da jarka mai tauri ba sa matsuwa, su kuma ba a cika su maƙil, saboda zafi. Litar mai ɗaya tana ƙaruwa da kusan babban cokali guda in zafi ya hau da digiri 20, kuma akwati kan kwashe awa yana shan rana a keken kaya kafin a loda. Faɗin yatsa ɗaya ya isa. Rabin gora mai, rabi iska, shi ne mafi muni.

Lemon kwalba da na gwangwani da kamfani ya rufe, su Maltina da lemon inabi mai gas da ake sha a biki, ba sa fashewa don hawa sama. Gas ɗin da ke cikinsu tun a shago ya ninka abin da jirgi zai ƙara sau da yawa, kuma don shi aka ƙera kwalbar. Gwangwani matsalarsa sirantaka: makulli, dunduniyar takalmi ko kan caja kan huda shi, ya yi ta feshi har ya ƙare.

Abin da ke fashewa da gaske shi ne mai rai, wato wanda bai gama tsami ba. Kunun zaƙi, kunun aya, zoɓo, fura da nono, bammi, duk suna ci gaba da fitar da gas muddin akwai sukari da ɗumi. Kunun aya da aka ɗura da asuba a Idi-Araba, ya sha cunkoson Oshodi, ya jira awa uku a filin jirgi, kafin a tashi gorar ta yi tauri kamar ganga. Babu ɗaurin da ke maganin wannan. A ɗauki busasshen zoɓo, aya da garin kunu, a haɗa a can. Zuma ma tana shiga wannan layi in an tatse ta ba ta nuna ba ko an yi mata algus, ruwan cikinta ya haura kashi 20 cikin ɗari. Alamarta kumfa a sama, ɗan warin tsami, da huci in an buɗe murfi. Irin wannan a sha ta a gida.

Kafin a sayi salatif ma, a fara sanin ko za a bari kayan su wuce. Tun 2006 aka taƙaita ruwa a jakar hannu zuwa mililita 100 kowace kwalba, kuma girman kwalbar ake dubawa, ba abin da ya rage a ciki ba. Zuma da man shanu duk ruwa ne a wurin masu bincike. Wanda ya fi haka sai akwatin awo. Can ɗin ma ba komai ke shiga ba. Kamfanonin jirage da dama ba sa karɓar manja ko kaɗan, don in ya zube ba akwatinka kaɗai yake ɓatawa ba, har da na mutane da daɓen jirgin. A kira ofishinsu a tambaya tun ana saura kwanaki, ba a fafe gora ranar tafiya. Kayan abinci da na gona masu fita waje kuma suna bi ta hannun jami'an NAQS, hukumar da ke duba amfanin gona, ga kuma kwastan da NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi.

Sai dokar ƙasar da za ka. Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai sun hana matafiyi daga Nijeriya shiga da nama da duk abin da aka yi da madara. Man shanu madara ne, komai kyan ɗaurinsa a kwandon shara zai ƙare, shi da kilishin da aka haɗo su. Zuma sun yarda da ita har kilo 2 ga mutum ɗaya, kuma da yake zuma na da nauyi, kilo 2 bai cika lita ɗaya da rabi ba. Amurka tana barin zuma, da sharaɗin ka bayyana ta a matsayin abinci. Mahajjata da masu Umara kuma su sani hukumar jiragen Saudiyya ta hana cusa zamzam cikin akwati. Galan mai lita 5 da aka rufe a masana'anta cikin kwalinsa shi ake karɓa, a auna shi daban. Wanda ya ɗura a gorori ya ɓoye cikin dabino, na'ura za ta nuna, a fito da akwatin a buɗe, wani lokaci jirgi ya tashi ya bar shi.

Batun giya. Ga Musulmi hukuncinta sananne ne, kuma bai tsaya kan mai sha ba, ya haɗa da mai ɗauka. Amma Legas gari ne na kowa, masu jin Hausa ba duka Musulmi ba ne, ga kuma turare da ke rataye da ita a dokar jirage, don haka ga yadda abin yake. Ƙa'idar IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, ƙarfin barasa take dubawa saboda gobara. Abin da bai wuce kashi 24 cikin ɗari ba, wato giyar kwalba da ruwan inabi, ba a ɗauke shi kaya mai haɗari ba, nauyi ne kawai iyakarsa. Daga sama da 24 zuwa 70, irin su wiski, lita 5 ga mutum ɗaya, kuma a cikin kwalbar kamfani. Ogogoro da aka ɗura a jarka bai cika wannan sharaɗi ba. Sama da 70 ba ya hawa jirgin fasinja sam. Wannan dokar jirgi ce, ta kwastan daban: Amurka lita 1 take yafe wa haraji, ga wanda ya kai shekara 21, Tarayyar Turai lita 4 ta ruwan inabi da lita 16 ta giyar kwalba, Birtaniya lita 18 da lita 42. Saudiyya da Kuwait ko ɗigo. A gida ma, wanda ya nufi Kano ko wata jihar da ke aiki da shari'a ya san da Hisba.

Turaren feshi da duk wanda aka haɗa da sifirit yana cikin kayan kwalliya masu kama wuta. Kowace kwalba kada ta wuce rabin lita, jimilla kada ta wuce lita 2, kuma a cikin lita 2 ɗin nan ake lissafa feshin hammata da na gashi. 'Yan kasuwar da ke cika akwati da dozin-dozin na turare suna cewa ai an sha wucewa da shi, sa'a suke ci. Kayan sayarwa ta kago, wato sashen aika kaya, ake tura su.

Yanzu ɗaurin. Murfi ne gaba da komai, kuma ba duka ɗaya ba ne. Murfin kwano na kamfani da na juyi wanda ba a taɓa ɓalle hatiminsa ba, waɗannan ba su da matsala. Murfin dannawa irin na man shafawa shi ne shugaban masu yoyo, taɓi kaɗan ya buɗe. Kan feshi kuma in hularsa ta faɗi, tufafi na danna shi, turaren ya ƙare tas ba tare da kwalba ta ko tsage ba. Jarkar da ba ta da ƙaramar toshiyar ciki ba jarkar tafiya ba ce. Gorar ruwan sha da mutanenmu suka saba ɗura zuma da mai a ciki ita ma ba ta da ƙwari, jikinta siriri, zaren murfinta gajere. Gorar lemo mai gas ta fi ta nesa ba kusa ba, don an yi ta ne ta riƙe matsi. A wanke ta, a kife ta kwana biyu ta bushe ƙarƙaf, ragowar ruwa na iya tsamar da zuma. Masu son sabuwa, ana samun gorori da jarkoki masu toshiya a wajen masu sayar da robobi a Ojota.

Bayan an ɗura, a goge bakin da wuyan da tsumma mai sabulu, a sake gogewa da busasshe. Salatif ba ya kama maiƙo, kuma nan ne yawancin ɗauri ke lalacewa tun ba a bar gida ba. A shimfiɗa ledar nan mai laushi ta rufe abinci, ninki biyu, a kan bakin, sannan a ɗaura murfi a kanta. A juya har ya tsaya, kada a yi masa ƙarfin tuwo, murfin roba kan tsallake zare. Sai tef, zagaye uku ko huɗu, rabi a murfi rabi a wuya, ana bin hannun da murfi ke ɗauruwa, don jan tef ɗin ya ƙara matse shi, kada ya kwance shi. Baƙin tef na masu gyaran wuta ya fi farin salatif, yana miƙewa ya bi lanƙwasar wuya. A naɗe ƙarshensa kaɗan yadda za a samu bakin ɓarewa in jami'i ya ce a buɗe.

Daga nan sai gwaji, wanda kusan ba mai yi. A kife gorar a kan farar takarda, a matse ta da hannu biyu da ƙarfi, a bar ta a kife ta kwana. In da safe akwai tabo ko kamar ƙwayar gero, a sake gora, kada a ƙara tef a kan ɓaraka.

Ko ta ci gwajin, a ɗaure ta kamar wadda za ta fashe. A naɗe ta da abin da zai shanye. Famfas ɗin jarirai yana da kyau ga lemo, turare da duk mai ruwa-ruwa, ga taushi. Ga mai kuwa bai cika amfani ba, don garin da ke cikinsa ruwa yake kamawa, ba ya kama maiƙo. Manja da man gyaɗa tsohon tawul ko jarida mai kauri suke so. A saka cikin leda mai zif, a fitar da iska, a rufe, a sake sakawa cikin ta biyu bakinta na kallon ɗaya gefen. Baƙar ledar kasuwa da aka ƙulla ba ta riƙe mai, ta ƙullin yake bi.

Gilashi sai an ƙara masa kariyar duka. Ledar nan mai ƙwayoyin iska da yara ke son fasawa, zagaye uku, ƙwayoyin na kallon ciki, har kaurin ya kai yatsa biyu. A rufe gindi, a rufe kai. Wuya ne raunin kwalba, musamman dogayen kwalaben inabi, don haka a cike ramin kafaɗa da safa ko tsumma har kwalbar ta zama sambal kamar taɓarya. In babu ledar, safa mai kauri biyu da wandon jins sun wadatar. Gilashi kada ya taɓa gilashi. Kwalabe biyu da aka naɗe tare cikin zane ɗaya su ke fasa juna. Ƙananan kwalaben turaren mai da humra a naɗe kowace daban, a jera su cikin robar abinci mai murfi, a cike kafofin da auduga. Mai da zuma kuma gara gora biyar masu lita ɗaiɗai da jarka guda mai lita 5. In ɗaya ta ci amana, huɗu na nan, kuma jarka mai nauyi in akwati ya faɗi takan tsage ne daga ɗinkin gindinta. In da hali a tara gororin cikin ƙaramin bokitin roba mai murfin da ke kamawa.

Wasu na daskarar da manja ko man shanu a firiza daren tafiya. Zuwa Kano, tafiyar awa ɗaya da rabi, yana taimakawa. Zuwa Landan ko Dubai zai narke tun ana layin shiga, ga gumin da gorar za ta yi ya jiƙa kaya. Dabara ce ta ƙari, ba ta ɗauke ɗauri. Abu mai ruwa a gilashi kuwa kada a kusanta shi da firiza, ƙanƙara na ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin ɗari, kwalbar za ta tsage tun a gida.

Akwati mai taurin jiki ya fi na yadi, don za a ɗora masa wasu da yawa. Jakar Ghana-must-go ba ta kare komai, kuma tun Nuwamban 2023 kamfanin jirgin Habasha ya daina karɓarta daga Nijeriya sai an saka ta cikin kwali, saboda yadda take maƙalewa a bel. A shimfiɗa tufafi masu kauri a ƙasa, kwalabe a tsakiya, aƙalla santimita 5 tsakaninsu da kowane bango. A kula da ƙarafunan hannun ja guda biyu da ke kwance a bayan akwati, da kusurwar tayoyi, nan duka ya fi sauka. Takalmi, dutsen guga da duk abu mai kaifi su koma can gefe. Tufafin da za su kewaye kwalba su zama waɗanda in sun ɓaci ba za a yi kuka ba: tawul, suwaita, kayan barci. Shadda, leshi da farin yadi a ledarsu daban, ko ma wani akwatin. Zuma na fita da ruwan ɗumi, manja a farar shadda kuwa sai dai haƙuri. Turare kada ya kwana akwati ɗaya da yaji, kuka ko daddawa, ko bai zube ba sai miya ta yi ƙamshinsa. Takardun makaranta da na asibiti a jakar hannu.

A rufe, a ɗaga, a girgiza. In an ji motsi ko ƙara, akwai sauran wuri, a cike shi. Akwatin da bai cika ba ya fi cikakke fasa kaya, don kwalba na samun filin gudu kafin ta daki bango. Takardar da ake liƙawa mai cewa kayan fashewa ne ba ta hana bel jefa akwati, injin ba ya karatu. Naɗin ledar da ake biya a filin jirgi yana kare waje daga ƙarzuwa da ɓallewar zif, amma bai san abin da ke ciki ba, kuma kada a yi shi sai an gama da masu bincike, in ba haka ba a biya sau biyu. A tafi da ragowar tef a aljihun jaka don sake ɗauri, a kuma rubuta sunan abin da ke cikin kowace gora a jikin ledarta.

Nauyi na yaudara. Yawancin tikitin ƙasashen waje kilo 23 ne kowane akwati, kuma ko za ka biya ƙari ba a karɓar guda da ya haura 32. Na cikin gida ya danganta da kamfani da irin tikiti, sau da yawa ƙasa da haka. Babban akwati mai tauri shi kaɗai yakan ci kilo 4 zuwa 5. Litar zuma kilo 1.4 ce, lita 5 ta tashi kilo 7. Litar mai ba ta kai kilo ɗaya ba, kusan giram 900. Cikakkiyar kwalbar inabi mai mililita 750 tana tsakanin kilo 1.2 da 1.5, mai gas ta fi haka don gilashinta ya fi kauri, dozin ɗaya ya kusa cinye awon gaba ɗaya. A auna a gida. Wanda ya tsuguna gaban kanta yana rage kaya, ya ciro tawul ɗin da ke tsakanin kwalabe biyu ya cusa a jakar hannu, ya rushe aikin da ya kwana yi.

Sai saƙo, wanda ɗan Arewa mai tafiya ba ya rabuwa da shi. "Alhaji, don Allah ga ɗan man nan ka miƙa wa yaya." Duk gorar da ba a gabanka aka ɗura ba, ka buɗe, ka duba, ka sansana, ka sake ɗaurewa da hannunka, ko da ta uwar ɗakinka ce. Wanda ya ji haushi ya riƙe kayansa. Sunanka ne a jikin akwatin, kai NDLEA za ta tambaya a Ikeja, kai za a tambaya a Jidda, inda hukuncin ƙwaya ke kaiwa ga kisa.

In tsautsayi ya faɗa duk da haka, kada a bar ɗakin karɓar kaya sai an je teburin kamfanin an cike takardar rahoton ɓarna da suke kira PIR, a ɗauki hoto, a adana 'yar takardar lambar kaya da aka liƙa a bayan tikiti. Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda Nijeriya ke ciki, ta ba da kwana 7 a kai ƙorafi a rubuce kan kayan da suka lalace, kuma tun ƙarshen Disambar 2024 iyakar diyya ta koma SDR 1,519 ga fasinja, wato kuɗin lissafi na Asusun Lamuni na Duniya. Amma yarjejeniyar ta wanke kamfani in ɓarnar daga yanayin kayan ta taso, kuma murfin da ya yi yoyo nan yake faɗawa. Wanda manjan wani ya ɓata wa akwati ya fi mai manjan hujja.

An isa gida, a buɗe akwatin a kan tayil ko a banɗaki, ba a kan kafet ko gado ba. In an ji ƙarar gilashi cikin leda, kada a zura hannu, a yanka ledar da almakashi a cikin bokiti. Lemo mai gas a tsayar da shi a firji ya kwana kafin a ɓalle. Gorar robar da aka buɗe a sama ko a gari mai tudu takan iso Legas a lotse, ba lalacewa ta yi ba, iskar bakin teku ce ta danne ta. Manja ko zumar da sanyi ya sa ta yi tauri, a tsoma gorar cikin ruwan ɗumi wanda hannu zai iya jurewa, ba tafasasshe ba, don gorar lemo na motsewa a ruwan zafi, a sassauta murfin kaɗan kafin a tsoma.